Sai Bayan Awa Uku

Rossella ta zura hannu cikin jakarta tana laluben ledar taralli, ta ji wayam. Ta sake lalubawa. Ga tabarau, ga man kare rana, ga littafin da ta kwana shida tana buɗe shi a shafi ɗaya, amma 'yan biskit ɗin nan masu kama da zobe da ta saya jiya ta ɓoye a ƙarƙashin tawul, ko sama ko ƙasa.

"Wannan kike nema, Injiniya?"

Tiziana ce, ƙanwar Cosimo, saurayin da Rossella za ta aura. Tana tsaye a kan gadar katakon da ake hawa jirgin ruwa, ta ɗaga ledar sama tana kaɗawa kamar ta kama ɓera da wutsiya.

"Ɗan abin taɓawa ne kawai," in ji Rossella.

"Mun san abin taɓawarki. Ƙarfe bakwai kika karya, da idona na gani, kofi da biredi yanka ɗaya. Yanzu goma saura minti biyar. Yau kam sai kin jiƙa, ko da za a ɗaure miki baki ne."

Ta cilla ledar cikin jirgi, Baffa Oronzo ya cafe ya tura aljihu, ya ci gaba da taɓa injinsa. Cosimo yana kwance igiya. Ya ɗago ya yi wa Rossella murmushi, irin guntun murmushin da ya koma yi tun shekaranjiya, wanda ba ya kaiwa ido.

Ita dai 'yar Potenza ce, garin da ke can ƙololuwar duwatsu, inda teku hoto ne a jikin kalanda. Sau ɗaya babanta ya taɓa kai su gaɓa, tana 'yar shekara shida. Igiyar ruwa ta kwashe mata ƙafa, ta sha gishiri ta ƙoshi, daga nan ita da teku suka yi sallama cikin mutunci. Abin dariyar shi ne da ta girma sai ta karanta injiniyancin ruwa a birnin Bari, ta fita da sakamakon da har malamanta suka miƙe suka yi mata tafi. Ta san nauyin da ruwa ke ɗora wa bangon dam. Ta san dalilin da ya sa jikin mutum ke tasowa saman ruwa, za ta iya rubuta lissafin a allo ido rufe. Jikinta ne kawai bai taɓa karanta lissafin ba.

A Barin ta haɗu da Cosimo, cikin sanyin Janairu, a tashar bas. Ya yi minti ashirin yana ba ta labarin tekun ƙauyensu da ke kudu da Otranto, tana gyaɗa kai tana kallon maɓallin rigarsa. Can ya ce, "Kin dai iya ruwa ko?" Ita da ko kofi za ta saya sai ta maimaita maganar sau uku a zuci, sai ta ji bakinta ya ce, "Kamar kifi." Har yau ba ta san daga ina kalmar ta fito ba. Cosimo ya gaya wa mahaifiyarsa, mahaifiyarsa ta gaya wa dangi, kafin zancen ya kai kunnen Baffa Oronzo har ya zama ta taɓa cin lambar yabo a gasar lardi. Bara ta fake da aiki ba ta zo hutu ba. Bana da zobe a yatsanta, babu wurin fakewa.

Ranar farko, da aka miƙe za a shiga ruwa, tsoro ya sa ta ɗauki yankan kankana ta gatsa. Sinyora Assunta, mahaifiyar Cosimo, ta riƙo hannunta. "Ina za ki? Yanzu kika ci. Zauna, sai bayan awa uku." Ba wanda ya yi musu. Wa zai yi? Kowa ya san in ka shiga ruwa abinci bai narke ba cikinka zai ƙulle, ka tafi ƙasa kamar dutse. Kowane gida a ƙasar nan yana da labarin ɗan maƙwabcin wani da ya ci taliya ya faɗa teku ba a sake jin duriyarsa ba. Rossella ta san babu likitan da ya taɓa tabbatar da haka. Amma ta zauna ƙarƙashin laima tana jin daɗi kamar wanda aka yafe wa hukunci.

Daga ranar ta tsara abinta kamar jadawalin sakin ruwa. Loma ɗaya ƙarfe tara da rabi, wata ƙarfe sha biyu, abincin rana ya ɗauke ta zuwa biyar, sai taralli biyu su raka ta faɗuwar rana. Cikin kwana shida wandonta ya fara kama ta, ƙauye kuma ya ɗauka cewa matar da Cosimo zai aura ba ta magana amma ba ta raina abinci. Kullum da safe takan ƙudurta yau za ta gaya masa. Kullum sai ta ga ba a samu lokacin da ya dace ba. Shi kuma ya daina kiran ta ruwa, ya daina ba ta labarin teku, ya koma tambayarta ko zafi bai dame ta ba, kamar yadda ake tambayar baƙo.

Yau sha biyar ga Agusta, ranar sunan Sinyora Assunta, wato ranar bikin cocin da ta ci sunansa, ranar da gidan ke shiga jirgin Baffa Oronzo su tafi kogo duk shekara. Jirgi ba gaɓa ba ne. Babu laima, babu mai sayar da kankana.

Sinyora Assunta ce ta shiga ƙarshe. Mace ce mai jiki, sai da Cosimo da Baffa suka kama ta hagu da dama. Ta zauna a tsakiya, ta ɗora ƙaton kwandon abinci a cinya, ta rungume shi.

"Kowa ya ji," in ji Tiziana. "Kwandon nan ba a buɗe shi sai an fito. Mama, da ke nake."

"Ke kika dafa da za ki kafa mini doka?"

Injin ya tashi. Ƙauyen ya fara ja da baya da fararen gidajensa, Rossella tana kallonsa kamar mai kallon uwarta a tasha.

"Injiniya," Baffa Oronzo ya ɗaga murya saboda ƙarar inji, "lambar nan taki, ta zinariya ce ko ta azurfa?"

"Ba wani abu ba ne, Baffa."

"Kun ji ko? Haka gwanaye suke, ba sa cika baki. Ba irin wannan ba." Ya nuna Cosimo da haɓa. "Ya kama dabbar tekun nan mai hannu takwas guda ɗaya yana ɗan shekara goma, har yau ba mu huta ba. Duk shekara ƙara mata hannu yake."

"Takwas ne, Baffa, ban ƙara ba."

"Bara tara ka ce."

Rossella ta yi dariya tare da su, hannunta na riƙe da katakon da take zaune a kai har yatsunta suka yi fari. Ta shiga tsara yadda za ta faɗa. Za ta ce, Cosimo, akwai wata 'yar magana. A'a. Za ta ce kunnenta ke ciwo. To gobe fa, da baɗi, da shekara arba'in masu zuwa? Ko ta faɗa ruwan kawai ta gani, wataƙila lissafin ya yi aiki da kansa. In bai yi ba, aƙalla ba sai ta yi wa kowa bayani ba.

Suka iso. Dutsen ya miƙe sama fari tas, a gindinsa bakin kogon ya buɗe baƙi ƙirin. Akwai jirage uku da suka riga su, wani ya kunna rediyo. Baffa ya kashe inji ya jefa ƙarfen tsayawa. Rossella ta leƙa. Ruwan garau yake, har tsakuwar ƙasa ana gani, kamar ka miƙa hannu ka ɗauko. Ta kalli igiyar da ta bi ƙarfen ta ƙiyasta: mita takwas. Ilimi bai taɓa yi mata rashin amfani irin na yau ba.

Tiziana ce ta fara faɗawa ruwan. Baffa Oronzo ya tuɓe riga ya bi ta da tumbinsa, jirgin ya yi tangal-tangal. Cosimo ya tsaya a kanta.

"A ciki ruwan shuɗi ne, Rossé, irin shuɗin da ban san sunansa ba. Tun a tashar bas nake son ki gani."

"Ina zuwa. Bari in shafa mai."

"Kin shafa a gida."

"Ya goge."

Ya juya ya faɗa ruwan. Ta shafa man a hannun dama. Ta shafa a na hagu. Ta cire agogo ta sa a jaka, ta fito da shi ta duba ta mayar. Ta ninke rigar da ta ɗora a kan kayan wanka, ta warware, ta sake ninkewa. Kawuna uku suna yawo a ruwa suna jiranta.

"Injiniya, auna zurfin kike yi?" Tiziana ta kira. "Mun auna miki, ya isa."

Rossella ta miƙe. Ta taka zuwa gefen jirgi, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan katako.

"'Yar nan," in ji Sinyora Assunta daga bayanta, "zo ki ɗanɗana mini wannan. Ina jin gishiri ya yi yawa."

Ta juyo. Kwandon a buɗe yake, ga cokali cike da gasasshiyar taliya, da cuku da ƙwai da nama, yana tsaye daidai bakinta. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta buɗe baki ta karɓa, ta haɗiye kusan ba tauna.

"Mama, me kika yi?" Tiziana ta daki ruwa da tafin hannu.

"Me na yi? Cokali ɗaya ne."

"Na taliya."

"Au, haka ne fa." Sinyora Assunta ta dubi cokalin kamar yau ta fara ganinsa. "To ai kuwa awa uku cur. Da kofi ne da na ce biyu. Ku je abinku, za ta taya ni zama."

Baffa Oronzo ya yi dariya har ya sha ruwa. Tiziana ta juya tana mita. Cosimo bai yi dariya ba, bai yi mita ba. Ya ja gilashin ninƙaya ya rufe idonsa, ya nufi kogon shi kaɗai.

Jirgin ya yi shiru, sai ruwa da ke lasar cikinsa. Rossella ta koma ta zauna. Daɗin kuɓuta da ta saba ji bai zo ba.

"Gishirin daidai yake, Sinyora."

"Na sani. Shekara talatin da huɗu ina dafa ta." Sinyora Assunta ta yanko wa kanta gefen da ya ƙone ta kai baki. "Kuskurenki ɗaya, taralli. Busasshen abu ne, ba ya cika ido, wata rana za a ce miki ai wannan ba abinci ba ne. Ki riƙa neman abu mai cuku. Ba a jayayya da cuku."

Rossella ta ji fuskarta ta ɗau zafi har kunne.

"Kuma kada ki riƙa duba agogo kafin ki ci. Ranar Laraba sau huɗu na ƙirga."

"Tun yaushe kika…"

"Tun kankana. Mai jin yunwa ba ya cin kankana yana kallon teku kamar ya ga ɗan sanda." Ta goge yatsunta a tsumma. "Ni 'yar Altamura ce. A garinmu ruwan da ya fi zurfi na cikin bahon wanki ne. Kin taɓa ganin na shiga?"

Ita da take taƙama a ranta cewa ba abin da ke wuce idonta, ita da ta lura Baffa Oronzo yana rina gashin baki, ta kwana shida kusa da matar nan a ƙarƙashin laima ɗaya, kullum da abin ci a hannunta, kullum tana cewa wani ya tsaya ya kula da kaya.

"Su Cosimo ba su sani ba?"

"Sun ɗauka uwarsu makwaɗaiciya ce. Da aka kawo ni gidan nan ban fi ki kauri ba." Ta shafa cikinta. "Duk wannan tsoro ne, 'yata. Loma-loma na tara shi."

Dariya ta kuɓuce wa Rossella, ta toshe baki.

"Yi abarki, abin dariya ne."

"Baban Cosimo fa?"

"Salvatore?" Sinyora Assunta ta kalli bakin kogon. "Ina jin ya gane tun makon farko. Bai taɓa cewa komai ba. Shi ya sayo mini kwandon nan, ya ce wancan ya yi ƙarami. Ni ina jira ya tambaya, shi yana jira in faɗa, muka yi ta jiran juna har aka haifi yara, daga nan kuma abin ya tsufa, ya fi ƙarfin faɗa. Duk shekara sai ya shiga can shi kaɗai, ya dawo ya riƙe gefen jirgin nan yana ba ni labarin launin ruwan. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Kogon da ake zuwa don ranar sunana, ban san cikinsa ba."

Ta rufe taliyar da tsumma, ta sake buɗewa.

"In kina so in koya miki, zan koya miki. Na san abin da ake ci a jirgi, da na gaɓa, da na ranar da baƙi suka zo. Ba wanda zai taɓa kama ki. Sai dai ki riƙa sayen kaya da ɗan fili."

Rossella tana kallon wani kai da ya fito daga duhun kogon yana tahowa a hankali. Cosimo ne. Ya iso ya kama tsanin jirgin, ya ɗage gilashinsa zuwa goshi, ruwa na zuba daga gashinsa.

"Yau ya fi na bara haske," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Rana ta shigo ta ƙasa, sai ka ga hannunka ya koma…" Ya share fuskarsa. "Ba komai. Miƙo mini ruwan sha."

Rossella ta durƙusa a gefen tsanin. Ta tattaro duk jimlolin da ta kwana shida tana gogewa, ba ta sami ko ɗaya ba.

"Ban iya ruwa ba," ta ce.

"Me?" Ya karkata kai yana bubbuga kunne. "Kunnena ya toshe."

"Na ce ban iya ruwa ba."

"Ba kya son ruwa? Ai na gani."

Rediyon jirgin kusa yana ta waƙa. Rossella ta ja numfashi, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Ban iya ruwa ba!"

Daidai lokacin waƙar ta ƙare. Dutsen ya karɓi maganar ya cilla cikin kogo, kogon ya dawo da ita sau biyu, a tsanake, don wanda bai ji da kyau ba. Jirage uku suka juyo. Wata mata mai hular kaba ta cire tabarau. Baffa Oronzo da Tiziana, da suke tahowa, suka tsaya cak a ruwa.

Cosimo ya ɗago ya dube ta.

"Kamar kifi fa kika ce."

"Ai akwai na gwangwani," in ji Tiziana daga baya.

"Yi mana shiru, Tizià." Bai ɗauke ido daga Rossella ba. "Shekara biyu?"

"Da wata bakwai."

"Kin san abin da na ɗauka? Na ɗauka mu ne ba kya so. Na ce ta zo ta ga ƙauye, ta ga Baffa, ta ga muna ihu a kan abinci, ta gwammace ta zauna da littafinta da ta shiga ruwa ɗaya da mu. Jiya har na fara tunanin yadda za ki ce mini kin fasa."

"Littafin ma ban karanta ba."

Ya kifa goshi a kan tsanin. Kafaɗunsa suka fara rawa, ta kasa gane dariya ce ko wani abu, sai da ya ɗago ta ga duka biyun ne.

"To lambar yabon fa?" Baffa Oronzo ya tambaya, da alamar shi abin da ya fi damunsa ke nan.

"Babu, Baffa."

"Ko ta tagulla?"

Rossella ta miƙe. Wani irin ƙarfin hali ya taso mata, irin na wanda ya riga ya zubar da mutuncinsa gaban jirage uku, ba sauran abin da zai rasa. Ta jawo rigar hana nutsewa daga ƙarƙashin benci, mai launin ruwan lemo, tana warin kifi da fetur. Ta sa ta a baibai, ta cire, ta gyara, ta ɗaure igiyoyin tamau.

"Ka riƙe ni," ta ce wa Cosimo. "Kada ka sake ni ko na ce ka sake ni. Ina son in gani."

Ta juya ta ɗora ƙafa a matakin farko. Ruwan ya taɓa mata dunduniya, sanyi ya ratsa ta har ƙeya. Ta nemi mataki na biyu, sai ta ji tafin hannu ya tare mata ƙafa.

"Ina za ki?" in ji Cosimo.

"Ciki."

"Yanzu fa kika ci taliya."

Ta leƙo shi ta ƙarƙashin hammata. Ba wasa a fuskarsa.

"Cosimo, wannan maganar ba ta da tushe. Na karanta. Babu wani bincike da ya…"

"Haka ɗan surukin mai gidan burodi ya ce," in ji Baffa Oronzo. "Shi ma ya yi karatu."

"Cokali ɗaya ne."

"Da ƙwai a ciki," in ji Tiziana, wadda ɗazu take neman a ɗaure wa Rossella baki.

"Ki hau, 'yan mata," matar mai hular kaba ta kira daga jirginsu. "Teku ba gudu zai yi ba."

"Na yarda da ke a kan komai, Rossé," in ji Cosimo, yana tura ƙafarta sama a hankali, "har dam zan kwana a ƙarƙashinsa in ke kika gina. Amma ban da wannan."

Ta hau. Ta zauna a benci cikin rigarta mai ruwan lemo, dunduniya ɗaya a jiƙe, rana na dukan ta.

"Sha ɗaya saura minti goma kika ci," in ji Sinyora Assunta. "Biyu saura minti goma ke nan."

Sauran suka koma wajen kogon, Cosimo yana waiwaye. Sinyora Assunta ta yanko wata lomar, kamar yadda hannunta ya saba, ta miƙo. Rossella ta girgiza kai, ta haɗe leɓɓanta. Matar ta ɗaga kafaɗa ta juya cokalin zuwa nata bakin. A rabin hanya ya tsaya. Ta dube shi, ta dubi baƙin bakin kogon, sannan ta mayar da lomar cikin tire, ta ja tsumma ta rufe.

"Oronzo," ta kira, "rigunan nan nawa ne a jirgin?"

"Biyu. Me ya faru?"

"Ba komai. Tambaya na yi."

Ta sauke kwandon daga cinyarta ta ajiye a ƙasa, ta duba agogonta.